Abin da Sufeto Bai Gani ba a Winterbourne View

A daren 31 ga Mayun 2011, shirin Panorama na BBC ya nuna wa mutanen Ingila abin da ake yi a Winterbourne View, wani asibiti mai zaman kansa mai gado 24 a gefen birnin Bristol, inda ake kwantar da manya masu jinkirin fahimta da masu galahanga. Ɗan jarida ne ya shiga a matsayin ma'aikaci, da ɓoyayyiyar kyamara a jikinsa. An ga ma'aikata suna marin majinyata, suna danne su a ƙarƙashin kujera, suna sheƙa musu ruwan sanyi. Duk wannan a wurin da gwamnati ke biyan kusan fam 3,500 a mako kan kowane mutum ɗaya.

Ba rashin doka ya jawo haka ba. Tun 2009 Ingila ta kafa hukumar Care Quality Commission, wato CQC, wadda ke yi wa asibitoci da gidajen kula da mutane rajista, ta tura sufetoci, ta kuma soke rajistar wanda ya karya ƙa'ida. Kuma labari ya kai mata. Wani babban ma'aikacin jinya a asibitin, Terry Bryan, ya kai ƙara ga shugabanninsa, ya kai ga hukumar, shiru. Da ya gaji da jira ne ya nufi 'yan jarida.

Binciken da Margaret Flynn ta jagoranta a 2012 ya fi fim ɗin tayar da hankali, domin ya nuna alamun sun daɗe a fili. Cikin shekara uku da 'yan watanni, an kai mazauna wurin sashen gaggawa fiye da sau 70. 'Yan sanda sun san da wasu rigingimun, ƙaramar hukuma ta karɓi koke-koke. Kowa na riƙe da guntun labari a aljihun teburinsa, babu wanda ya haɗa su wuri guda. Su kuwa majinyatan, in sun yi magana, sai a ce ai larurarsu ce.

An rufe asibitin a watan Yunin 2011. Ma'aikata 11 sun amsa laifi, aka ɗaure shida. CQC ta bazama ta duba irin waɗannan wurare 150, ta tarar kusan rabinsu ba su cika ƙa'ida ba.

Daga baya hukumar ta sauya salo. Ta fara ba kowane gida matsayi ɗaya cikin huɗu, daga na musamman zuwa mara inganci, a kuma wallafa don iyalai su gani. Ta riƙa tafiya da naƙasassu da danginsu wajen dubawa, saboda wanda ya taɓa kwana a irin wannan ɗaki ya fi mai riƙe da fayil sanin abin da zai tambaya.

Amma a 2019 Panorama ta sake komawa da kyamara, wannan karon Whorlton Hall a arewacin Ingila, inda aka ga ana tsoratar da majinyata ana yi musu ba'a. Matsayin da CQC ta ba wurin a lokacin? Mai kyau. Abin takaicin ma, sufetonta ya rubuta rahoton damuwa tun 2015, ba a wallafa ba.

Matsalar ita ce zalunci a irin waɗannan gidaje ba ya shiga littafin rajista. Gida ne mai nisa da dangi, baƙi ba sa zuwa, ma'aikata suna rufa wa juna asiri, kuma idan sufeto ya iso da hantsi zai tarar an share tsakar gida, takardu a jere. Shi ya sa Farfesa Glynis Murphy, wadda ta binciki aikin hukumar bayan Whorlton Hall, ta ba da shawarar ƙara ziyarar ba-zata da yamma da ƙarshen mako, da kuma zama a saurari mazauna gidan da iyalansu.

Tun bayan abin da ya faru a Winterbourne View, gwamnati ta yi alkawarin mayar da waɗanda bai kamata a ajiye su asibiti ba kusa da danginsu kafin Yunin 2014. Wa'adin ya wuce ba a cika ba, kuma shekara goma bayansa akwai kimanin mutum 2,000 a irin waɗannan asibitoci a Ingila.