Daga Umaisha Zuwa Lafiya: Hawa Da Saukar Alhaji Ibrahim Balarabe Abdullahi

'Yan Jihar Nasarawa mazauna Ikko, Badun da Fatakwal ba baƙi ba ne ga sunan Alhaji Ibrahim Balarabe Abdullahi, mutumin da ya fi shekara takwas yana shugabancin Majalisar Dokoki ta Jiha a Lafiya. Amma ba kowa ne ya san yadda kujerar ta kuɓuce masa ba.

Alhaji Balarabe ya wakilci mazaɓar Umaisha da Ugya ne, cikin Ƙaramar Hukumar Toto. Umaisha gari ne na Egbura a bakin kogin Binuwai, can yammacin jihar, nesa da Lafiya ƙwarai. Ita kuwa jihar, an yanke ta daga Filato ran 1 ga Oktoba, 1996, kuma majalisarta tana da wakilai 24.

A shekarar 2015 wakilai suka ɗora shi kan kujerar Kakakin Majalisa, zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura. Wannan ba ƙaramin matsayi ba ne a lokacin, domin a 2014 majalisar da ta gabata ta yi yunƙurin tsige Al-Makura, abin bai yiwu ba. Da zuwan Alhaji Balarabe sai ƙura ta lafa tsakanin majalisa da gidan gwamnati. A 2019 aka sake zaɓensa, ya ci gaba da aiki tare da Gwamna Abdullahi Sule, dukansu 'yan jam'iyyar APC.

Neman zango na uku shi ne ya zo da rigima. Cikin watan Yuni na 2023, ranar da za a buɗe sabuwar majalisa, sai wakilai suka rabu gida biyu. Mutum 13 suka taru a ginin majalisa suka zaɓi Daniel Ogazi na Kokona ta Gabas. Sauran 11 kuwa suka zauna a Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi da Masarautu suka zaɓi Alhaji Balarabe. Lafiya ta wayi gari da kakaki biyu, sandar majalisa kuwa ɗaya ce. Sai da aka yi makonni ana kai gwauro ana kai mari, sa'an nan aka sulhunta cikin watan Yuli, Ogazi ya janye, Alhaji Balarabe ya riƙe kujera.

To, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Abokin takararsa na gida, Sa'ad Abdullahi Ibrahim na jam'iyyar PDP, yana kotu yana ƙalubalantar zaɓen mazaɓar. Cikin watan Nuwamba na 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ɗan PDP ne ya ci. A dokar ƙasa, shari'ar zaɓen majalisar jiha a wannan kotu take tsayawa, babu zuwa Kotun Ƙoli. Wanda ba wakili ba kuwa ba ya zama kakaki. Nan take wakilai suka zaɓi Danladi Jatau na Kokona ta Yamma ya gaje shi.

Abin lura a nan shi ne, ba abokan hamayyarsa na Lafiya suka sauke shi ba, ƙuri'un ƙauyukan Toto ne. Masu cewa ba su da lokacin komawa gida ran zaɓe, ko na mai da rajistarsu inda suke zaune, sai su duba wannan.