Ciwo a Ƙirji, Alama a Murya: Matsalolin Jijiyar Bagus

Daga cikin jijiyoyi 12 masu fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, kowace da ta dama da ta hagu, ta goma ce ta fi nisan zango. Likitoci na kiranta bagus. Daga gindin ƙwaƙwalwa take gangarowa ta wuya, ta aika rassa zuwa maƙogwaro da zuciya da huhu, ta zarce tumbi da hanji. Ita ke rage gudun bugun zuciya, ita ke sa tumbi ya tura abinci gaba, kuma da ita ake magana da haɗiya. Tsawon nan nata ne ya sa matsalarta ke da wuyar ganewa, domin sau da yawa inda alama ta fito ba nan ciwon yake ba, kuma galibi wata cuta ce daban ta taɓa jijiyar.

Murya ta fi nuna haka. Reshen hagu mai kula da murya sai ya sauka cikin ƙirji, ya zagaya ƙarƙashin babbar jijiyar jini da ke fitowa daga zuciya, kafin ya hauro maƙogwaro. Duk abin da ya danne shi a hanya, ƙari a huhu ko kumburin jijiyar jinin, yana iya dishe murya alhali maƙogwaron lafiya lau. Tun 1897 likitan Austiriya Norbert Ortner ya bayyana masu dishewar murya waɗanda zuciyarsu ce ta faɗaɗa. Reshen kuma yana bi ta bayan inda maƙoƙo ke tasowa, shi ya sa likitan tiyata ke kaffa-kaffa da shi wajen cire maƙoƙo. Idan ya samu rauni, murya ta kan dishe, mutum ya riƙa ƙwarewa da ruwa. A ciki kuwa, ciwon suga da ya daɗe ba a shawo kansa ba yana cin jijiyar a hankali, sai abinci ya daɗe a tumbi: loma kaɗan mutum ya ƙoshi, ga kumburi, ga amai. Mai irin wannan yakan daɗe yana shan maganin ulsa a banza.

Wani zai ce wannan tsoratarwa ce, tunda yawancin dishewar murya mura ce, kuma mutane da dama sun taɓa suma ba abin da ya biyo baya. Gaskiya ne. Sumar da aka fi gani, ta wanda ya daɗe tsaye a rana ko ya ga jini, jijiyar ƙalau take, aiki ne ta yi fiye da kima: bugun zuciya ya ragu, jini ya kasa isa kai, mutum ya faɗi, da ya kwanta kuma ya farfaɗo. Ba iska ba ce, kuma ba kasafai take da haɗari ba. Amma dishewar da ta wuce makonni uku zuwa huɗu, musamman ga mai shan taba, ko sumar da ta zo ana tsakiyar gudu ko aiki mai nauyi, waɗannan sai an duba maƙogwaro da ƙirji da zuciya.

Akwai kuma masu cewa ai ana iya “ƙarfafa” jijiyar da na'urorin da ake tallatawa a intanet. Hujjarsu tana da tushe: a 1997 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura da ake dasawa a ƙirji tana motsa jijiyar, don farfaɗiyar da ta ƙi jin magani, a 2005 kuma don matsananciyar damuwa. Sai dai wannan tiyata ce ga zaɓaɓɓun marasa lafiya, kuma ita kanta takan dishe murya. Ba ta cire ƙarin da ya danne jijiya, ba ta kuma sauke suga a jini.