Ruwan Teku da Ƙwayoyin Cutar da Ido Ba Ya Gani

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu gaɓar teku a Ankara, babban birnin Gana, inda tafkin Korle, wanda kogin Odaw ke zuba masa ruwan kwatocin gari, yake buɗe baki ya amayar da abin da ya tara cikin teku, ba nisa da unguwar Sabon Zongo ta 'yan'uwanmu Hausawa. A wannan gaɓa ne, a wurin da ake kira Lavender Hill, motocin kwashe masai suka yi shekaru aru-aru suna juye najasa ɗanya cikin igiyar ruwa, kafin a buɗe matatar sarrafa ta a 2016.

Game da tsarkin ruwa irin wannan, fukaha'unmu na mazhabar Malikiyya sun karantar da mu cewa ruwa yana nan bisa tsarkinsa muddin najasa ba ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ba, hukuncin da ya wadatar a babin ibada. Amma likitoci suna faɗakarwa cewa ruwan da ya yi garau, wanda babu aibi gare shi a ido, yana iya ɗauke da ƙwayoyin da ke haddasa gudawa da amai da ciwon kunne da ciwon shawara, domin gishirin teku ba ya hallaka su nan take.

Masu awon ruwa kan ɗebo shi a kwalba su ƙirga bakteriyar hanji, irin su E. coli, domin yawansu alama ce ta bahaya. To, a nan ne mas'alar take da wuya, saboda ƙwayoyin bairas, kamar norobairas da na ciwon hanta nau'in A, sun fi bakteriya jure zaman teku, har awo ya nuna ruwa lafiya lau alhali suna nan da ransu. Wanda ya fi shiga hatsari shi ne yaro ƙarami, wanda ke wasa a bakin gaɓa yana kurɓar ruwa yana dariya.

Saboda haka muke roƙon iyaye, don Allah, su hana yara iyo kusa da bakin kwata, musamman kwana biyu ko uku bayan ruwan sama mai ƙarfi; hukuma kuwa wajibi ne a kanta ta riƙa auna ruwan tana sanar da jama'a sakamako a fili.