Fatar ido da ke rufe wa jariri gani: jinkirin tiyata na iya jawo asarar idon

A hotunan suna da ake tura wa ƴan'uwa ta WhatsApp, sai ka ce jaririn barci yake ji: ido ɗaya a buɗe, ɗayan kuma fatarsa ta sauko ta rufe shi. Kakanni kan ce in ya girma zai buɗe. Ba ya buɗewa, domin tsokar da ke ɗaga fatar ce ba ta ginu daidai ba tun yana ciki.

Lamarin ya wuce na kyan fuska. Ƙwaƙwalwar yaro tana koyon gani har wajen shekara 7 zuwa 8, kuma idon da ya daɗe a rufe watsi take yi da shi, ko da lafiyarsa lau. Shi ya sa idan fatar ta rufe ƙwayar ido likitoci ba sa jira, ko jariri ne. Wadda ta ɗan sauko kawai akan bar ta zuwa shekara 3 ko 4.

Idan tsokar ba ta da ƙarfi sam, likita yana ɗaure fatar da tsokar goshi ta ƙarƙashin fata, da zaren silikon ko jijiyar da aka ciro daga cinya, yaro ya riƙa buɗe ido da girarsa. Bayan aikin idon ba ya rufuwa duka lokacin barci, sai ana sa masa man ido kada ya bushe.