Amfanin Gashin Bakin Tarwaɗa

Duk wanda ya taɓa kama tarwaɗa ya ga gashin bakinta. Guda 8 ne: 2 kusa da hanci, 2 a gefen baki, 4 a haɓa. Ana ce masa gashi, amma nama ne mai rai.

Da shi take ɗanɗano, kamar yadda muke yi da harshe. Tarwaɗa takan yi kiwo da dare, cikin ruwa mai laka, inda ido ba ya aiki. Gashin ne ke lalubo mata abinci.

A Asiya da Kudancin Amurka akwai kifi mai suna arowana, dangin bargi. Nasa guda 2 ne a haɓa. Da su yake jin motsin ƙwari a saman ruwa. Bargi kuwa ba shi da ko ɗaya.

Idan gashin ya gutsure, yakan sake tsirowa cikin 'yan makonni, muddin ruwan yana da tsabta. Idan ya ruɓe har tushe, da wuya ya koma kamar da.

Masu kiwon kifi, ku riƙa dubawa. In kun ga gashin tarwaɗa yana guntulewa, to cunkoso ne, ko ƙazamin ruwa, ko cizon juna. Ku sauya ruwa, ku rage yawansu, ku raba manya da ƙanana.