Haila In Ta Rikice: Hisabin Malami Da Aikin Likita

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ga wata mas'ala da mata ke jin nauyin kawowa zaure, alhali salla da azumi da idda duk a kanta suke rataye, watau rikicewar jinin haila.

Wanda ya karanta Ahalari ya san hukuncin a mazhabar Malikiyya. Mai farawa iyakarta kwana 15. Mai al'ada, in jini ya zarce kwanakinta, sai ta ƙara kwana 3, muddin ba ta haura 15 ba. Abin da ya wuce haka istihala ne, ta yi wanka ta yi salla. In jini na zuwa yana yankewa, sai ta harhaɗa kwanakin jinin har su cika adadinta. Mafi ƙarancin tsarki kuwa kwana 15 ne a mashhurin zance.

Wajen idda abin ya fi nauyi. Matar da aka saki, jini ya ɗauke mata ba ciki ba shayarwa, sai ta zauna wata 9, sa'an nan ta ƙara 3, shekara guda ke nan cur. To, ku duba: shekara ba aure, sau da yawa ba mai ciyarwa, a kan abin da wataƙila magani zai warware.

Likitoci sun ce daga farkon haila zuwa farkon ta gaba, kwana 21 zuwa 35 shi ne lafiya, jinin kuma kada ya wuce mako guda. Sababan rikicewa suna da yawa. Akwai shayarwa, da allurar tazarar haihuwa ta wata 3, da ciwon maƙoƙo, da ƙari a mahaifa, da ƙiba ko rama mai tsanani, da kusantar yankewar haila tsakanin shekara 45 da 55. Akwai kuma firgita da yunwa, kuma wannan ba baƙo ba ne gare mu. Duk wanda ya ga halin iyaye mata a watan Disamba 2020, sa'ad da aka kwashe 'yan makaranta sama da 300 a Ƙanƙara, ko ya ga matan ƙauyuka da suka baro gidajensu da dare, ya san tsoro na taɓa jiki har ciki.

Ku fatake masu kasa magani a kasuwa, ku ji tsoron Allah wajen jar kanwa da ƙwayoyin da ake cewa suna sauko da jini. Sau da yawa abin da aka ɗauka jini ne ya maƙale, ƙaramin ciki ne, sai a zubar da shi, uwa ta yi ta zubar jini a hanyar asibiti. A fara gwajin ciki tukuna, kuɗinsa kaɗan ne.

Maigida ya taimaki iyalinsa da rubuta ranar zuwan jini da ranar ɗaukewarsa a takarda, wata 3 a jere. Takardar nan ita malami zai duba ya yi fatawa, ita kuma likita zai fara tambaya. Amma jinin da ya ɗauke wata 3 ba ciki, ko mai yawa har da jiri, ko wanda ya dawo bayan tsohuwa ta daina haila, wannan ba ya jiran lissafi. A kai ta babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa, in ya fi ƙarfinsu su tura ta Shika, ta Zariya.

Haza wassalam.