Gadarif: Abin da ake buƙata daga ɗalibin kemistiri a ɗakin gwaje-gwaje

Jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, inda Hausawa da dama suka daɗe da zama, ta yi suna wajen noman riɗi da dawa. Tabbatar da ingancin wannan amfanin gona, da na ruwan sha, aiki ne na masu awon sinadarai. Ɗaliban kimiyya a jami'o'i irin su Jami'ar Gadarif, wadda aka kafa a 1994, a ɗakin gwaje-gwaje suke fara koyonsa.

Abu na farko shi ne kare kai. Ɗalibi zai sa farar riga da tabarau, ba ci ba sha a ɗakin, kuma ba a zuƙar sinadari da baki. Idan za a tsarma asid, shi ake zubawa cikin ruwa a hankali. In aka zuba ruwa a kansa, yana iya fantsama ya ƙona mutum.

Na biyu, daidaito. Ana maimaita awo aƙalla sau uku, har sai bambancin sakamakon bai wuce mililita 0.1 ba.

Na uku, gaskiya. Ana rubuta kowace lamba da biro nan take. In an yi kuskure, a ja layi ɗaya a kai, ba a gogewa, ba a kwafar sakamakon wani.

Dalili kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada sinadarin nitrate ya wuce miligiram 50 a litar ruwan sha. Wanda ya saba gyara lamba tun yana ɗalibi, wata rana zai iya cewa rijiya lafiya lau take, alhali ruwanta na cutar da jarirai.